Likita, na yi gaggawar sa hannu a yi wa Baba tiyata?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Daga Ƙaura Namoda nake rubutowa. Mahaifinmu mai hawan jini ne. Jiri ya kwashe shi a gona, ya yi ta amai yana tangaɗi, muka ɗauka maleriya ce. A kwana na 3 barci ya danne shi, sai an jijjiga yake buɗe ido. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ya nuna jijiyar jini ta toshe a ƙeyarsa, ruwa kuma ya taru a kai. Muka kai shi asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo a Sakkwato, aka sa masa roba a kai, aka cire ƙashi a ƙeya. Ni na sa hannu. Ya farfaɗo, amma yayyena sun ce na yi gaggawa, tunda jikinsa bai shanye ba.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ba ki yi gaggawa ba.

A ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, ita ke daidaita tafiya da tsayuwa. Idan jini ya yanke mata ba lallai ɓarin jiki ya shanye ba, shi ya sa ake ruɗewa. Ni kaina abin da nake tsoro shi ne kumburin da ke biyowa cikin kwana 2 zuwa 5, domin wurin matsattse ne, ƙashi ya kewaye shi.

Ƙwaƙwalwa tana samar da ruwa kusan rabin lita kullum, kuma ta wata siririyar magudana kusa da ƙeya yake wucewa. Kumburi na toshe ta, ruwa ya taru a sama. Robar nan ruwan take zuƙewa.

To me ya kawo cire ƙashi? Roba ba ta rage kumburin ƙeya. Wani lokaci ma idan aka sauke matsin sama kaɗai, abin da ya kumbura sai ya turo sama. Idan kuma aka bar shi, yana iya cusa kansa ƙasa ta ramin da laka ke fita, ya danne cibiyar numfashi. Barcin da kika gani alama ce ta hakan ya kusa, kuma a irin wannan hali sa'o'i ake ƙirgawa.

Ki gaya wa yayyenki cewa waɗanda aka yi wa aikin kafin su suma gaba ɗaya sukan tashi da hankalinsu da maganarsu. Tangaɗin zai ɗauki lokaci, sai an dage da gashin ƙashi. Maganin hawan jini kuma kada ya yanke ko da kwana ɗaya, ko Baba ya ce ya warke.