Ku Tambaya Mu Amsa: Ina mulufi ke shiga da rani?

Marka ta kankama, gero ya fid da kai, fadamun Gulbin Maraɗi sun cika maƙil. Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan kusan duk a kan tsuntsaye suke. Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba kuwa babu lokacin da ya kai shi daɗin kallon tsuntsu a ƙasar nan: masu ado suna cikin adonsu, baƙin damina ba su tafi ba, na Turai kuma sun fara sauka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Akwai wani ɗan tsuntsu ja wur, cikinsa baƙi ƙirin, da nake gani a kan karan dawa a fadamarmu duk damina. Da an yi girbi sai ya ɓace. Yayana ya ce ƙaura yake yi kudu kamar shamuwa. Haka ne? (Wani ɗalibi, Jiratawa)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Mulufi ke nan, kuma yayanka bai canka ba. Riga yake sakewa. Namijin ne kaɗai ke da wannan ja, shi ma na 'yan watannin aure. Da ciyawa ta bushe sai ya zub da gashin, ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane kamar matarsa, ya shiga garke da sauran masu cin tsaba suna yawon neman abinci. Da rani yana nan a bakin lambuna, kai ne dai ka daina gane shi.

Tunda yanzu yana ganiyarsa, samu inuwa ka zauna minti 20 ka dube shi. Kowane namiji yana da ɗan yankin ciyawa da yake tsaro. Zai hau kan kara, ya kumbura gashin wuya da na baya har ya zama kamar curin audugar da aka rina, sannan ya taso a hankali, fukafukai na karkarwa, yana bin saman ciyawa kamar ƙaton ƙudan zuma. Masu ruwan ƙasa biyu ko uku da ka ga suna shige da fice a yankin, matansa ne. Sheƙar dunƙulalliya ce, ƙofarta a gefe, a maƙale tsakanin karare. Kada ka buɗa ciyawa don leƙe. Hanyar da ka taka ita kyanwa za ta bi da dare.

Zalaidu ma haka labarinsa yake, doguwar wutsiyar nan ta damina ce kawai. Iri biyu ake gani a nan. Ɗaya fari da baƙi, bakinsa ja, gashin wutsiyarsa huɗu sirara kamar zare. Ɗayan wutsiyarsa mai faɗi ce, ƙeyarsa da ƙirjinsa jaja-jaja, in ya tashi sai ka ce wutsiyar ta yi masa nauyi. Dukansu ba sa gina sheƙa: matar takan zuba ƙwai a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye, su ƙyanƙyashe mata, su yi mata reno.

TAMBAYA: Malam, muna da ƙungiyar matasa a unguwa, mu kusan 30. Muna so mu fita kallon tsuntsaye a tafkin Madarumfa kafin a koma lakwal, amma madubin hangen nesa biyu kaɗai gare mu. Yaya za mu tsara fitar? (Wani malamin makaranta, unguwar Zariya, Maraɗi)

AMSA: Malam, Allah ya ƙara himma. Amma mutum 30 a wuri guda biki ne, kuma tsuntsu ba ya zuwa biki. Ku kasu kashi huɗu, mutum 7 ko 8 kowane kashi. Kashi biyu su fita wannan Asabar, biyu su fita mai zuwa, ta yadda kowane kashi zai samu madubi ɗaya.

Ku bar gari da an sallame Asuba. A wannan lokaci rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 da minti 20, Madarumfa kuma kilomita 20 da 'yan kai ne kudu da Maraɗi. Awa uku na farko su ne aikin. Da ƙarfe 9 da rabi ta wuce, tsuntsaye sun shige ganye. Ku sa rana a bayanku, wato da safe ku tsaya ta gabas kuna duban yamma. In kun fuskanci rana, komai baƙi zai zame muku, balbela ma sai kun yi gardama a kanta. Farar riga da jar hula a bar su gida, a sa mai ruwan ƙasa ko toka-toka, da takalmi rufaffe saboda kububuwa da kasa.

A kowane kashi a sa mutum ɗaya rubutu, ɗaya duba agogo. Ku yi tafiyar mita 200 zuwa 300, ku tsaya cik minti 10, ku rubuta duk abin da kuka gani ko kuka ji, sannan ku ƙara gaba. Kuskuren da ya fi ɓata fita shi ne nuni da hannu da «ga shi can, ga shi can!» Kafin na biyu ya ɗaga kai tsuntsun ya tashi. A koya wa yara kwatance da baki, a hankali: «gawon nan na dama, reshen ƙasa, kusa da gindi.» Af, gawo abokin mai kallo ne a yanzu, don shi da damina yake zub da ganye, duk abin da ya sauka a kansa a fili yake.

Kada ku cika wa yara ciki da alkawari. Da damina ruwa yana ko'ina, tsuntsayen ruwa a warwatse suke cikin tabkuna da kududdufai; babban taronsu a tafkin sai da sanyi, shi ya sa ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu ake yin ta. Duk da haka za ku iya samun kirinjijiya da farar fuskarta da fitonta, da dinya, da zalɓe, da zakaran ƙeƙuwa mai tsiwa, da wani mai dogayen yatsu da ke takawa kan ganyen bado. Ku sa ido sosai a bakin taɓo. Ƙananan masu dogon ƙafa da siririn baki da ke tsattsaga laka, wasunsu yanzu suka ƙetaro Sahara daga Turai. Akwai ɗaya mai ciki fari fat da ba ya daina rausaya gindi sama da ƙasa. Shi ne mafi sauƙin ganewa.

Kafin ranar, mutum biyu su je su gaida maigari da sarkin ruwa, su sanar da ma'aikatan gandun daji. Tafkin yana cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, tun 2019, kuma kewayensa akwai kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta, don haka a shiga da ladabi, a bi gefen gona. Kowa ya riƙe ruwan sha lita ɗaya da rabi. Ba wanka, ba shiga ruwa, saboda tsargiya. Kada ku tsallaka gulbi don kun ga sama garau: ruwan da aka yi a wajen Katsina da Jibiya yakan iso ba sallama. Ku kuma tambayi mutanen wurin halin tsaro a daren fita. Dajin Baban Rafi da ƙauyukan bakin iyaka ba wurin kai yara ba ne a yanzu. In an ce a dakata, fadamar da ke ƙasan gari ta ishe ku fitar farko.

Takardarku ta ƙunshi kwanan wata, sunan wuri, lokacin farawa da na gamawa, yawan mutane, da adadin kowane iri. Wanda ba ku sani ba, kada ku laƙaba masa suna. Ku rubuta girmansa (kamar gwara, kamar kurciya, ko kamar hankaka), siffar baki, launin ƙafa, da abin da yake yi. Mai intanet a waya ya shigar da jerin a eBird, manhajar tattara rahoton masu kallon tsuntsaye. An san irin tsuntsu sama da 500 a Nijar, amma masu aiko da rahoto kaɗan ne, saboda haka jerin unguwarku yana da daraja.

TAMBAYA: Na sayi jumel, wato madubin hangen nesa, na hannu a kasuwa, an rubuta 20x50 a jikinsa. In na duba minti kaɗan sai kaina ya yi ciwo, hoton kuma yana rawa. Idona ne ko madubin? (Wata ma'aikaciyar jinya, Tibiri)

AMSA: Malama, madubin ne. Lambar farko tana nufin sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Mai sau 20 yana ninka rawar hannunki sau 20, ba ya riƙuwa sai an ɗora shi a kan maɗori mai ƙafa uku. Na kallon tsuntsu shi ne 8x42, ko 8x32 ga yara. In kika raba 42 da 8 za ki samu 5 da ɗoriya, wannan ne faɗin hasken da ke isa ido. Naki 2 da rabi ne, shi ya sa yake duhu da sassafe.

Ciwon kan kuwa, yawanci bututun biyu ne suka daina duban wuri ɗaya saboda faɗuwa. Ki auna wayar lantarki daga nesa, ki janye madubin daga fuska kamar taƙi ɗaya kina kallo da ido biyu. In wayar ta karye, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya goce ke nan, kuma gyaransa ya fi ƙarfin mai gyaran agogo. In ta miƙe, to saiti ne. Ki toshe gilashin dama da tafi, ki murza dabaran tsakiya har rubutun wani allo mai nisan mita 30 ya fito wa idon hagu sarai. Sai ki toshe na hagu, ki murza zoben da ke wuyan idon dama kaɗai, kada ki sake taɓa na tsakiya. Shi ke nan, ki haddace inda zoben ya tsaya.

Da damina kada a ajiye shi a jakarsa yana da danshi, fumfuna na tsirowa cikin gilashi. Kuma a hure yashi kafin a goge, don bakin zane da ƙwayar yashi ɗaya sun isa su karce shi har abada.

TAMBAYA: Shamuwa tana sheƙa a tsamiyar ƙofar gidanmu tun muna yara, amma kamar tana raguwa. Ta yaya zan tabbatar? Kuma yaushe take tafiya? (Wani magidanci, Gidan Rumji)

AMSA: Alhaji, «kamar» ba ta isa hujja, sai an ƙirga. Sheƙa ake ƙirgawa, don tsuntsayen rabinsu suna gona suna cin fara da tsutsa. Ka bi itatuwan garin ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta irin itacen da yawan sheƙar da ke da rai, wato wadda ka ga uwa ko ɗa a ciki, ko sabon farin kashi a gefenta. In suna haɗe da balbela, ta shamuwa ita ce babba mai kaurin ƙirare. Watan Yuli ya fi dacewa da wannan. Yanzu kuwa 'ya'ya za ka ƙirga. Ƙwai 2 zuwa 3 take yi, ta kwanta kusan wata guda, 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Babba fuskarta shuɗiya ce da ɗigon ja gaban ido, gwiwa da yatsu jajaye, abin da ya sa aka ce kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta. Ɗan bana kuwa launinsa a dushe yake, ba shi da wannan kwalliya. Ka maimaita a mako guda na kowace shekara. Bayan shekara uku ko huɗu kana da abin faɗa.

Tafiya kuma, cikin Satumba suke fara taruwa garke-garke a filaye, zuwa ƙarshen Oktoba garin ya yi shiru. Ruwa suke bi zuwa gabashi da kudancin Afirka. An taɓa ɗaura wa wasu na'ura a nan Nijar, aka bi sawunsu har Tanzaniya. Ka rubuta ranar da ka ga ta ƙarshe bana, da ranar da ta farko ta sauka baɗi.

TAMBAYA: Tsuntsaye sun fara sauka a gerona. Yaya zan gane ko jan-baki ne? (Wani manomi, Cadawa)

AMSA: Malam, duba baki da yanayin tashi. Jan-baki bai kai gwara girma ba, bakinsa ja ne mai kauri, namiji a yanzu yawanci da baƙar fuska, bakin mace mai ƙwai kuma yakan koma ɗorawa. Garkensa a dunƙule yake tashi, yana murɗawa kamar hayaƙi. Kabare ya fi shi girma, rawaya ne da baƙin kai, kuma ba ya nisa da itacen da ya rataye sheƙunansa. Akwai kuma wata ƙaramar gwara mai ruwan zinariya da ke ɓarna a gero ƙwarai.

Don ƙiyasta yawa, ƙirga 10, ka riƙe girman wannan gungu a ido, ka auna shi har 100, sannan ka yanka garken ɗari-ɗari. Abin da ma'aikatan kare amfanin gona suka fi buƙata daga gare ka shi ne makwanci: tsaya da Magariba kwana biyu a jere, ka ga inda garken ke dosa. Kada ka zuba guba da kanka. Ba ta zaɓe, takan haɗa da shirwa, da shaho, da ungulu, wadda tun 2015 take cikin jerin masu dab da ƙarewa a duniya.

TAMBAYA: Yara sun tsinto mataccen tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun Turawa. Wasu sun ce na leƙen asiri ne. (Wata uwa, Agye)

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankali. Masu bincike ne ke sa shi don sanin hanyar ƙaura da tsawon rai. Ba abin da ke ciki sai lamba da sunan cibiyar da ta sa shi. Ki sa leda a hannu, ki ɗauki hoton tsuntsun, ki kwafe duk rubutun zoben harafi-harafi, da kwanan wata da sunan wurin, ki kai wa ma'aikatan gandun daji. A binne gawar, yaran su wanke hannu da sabulu. In kuwa matattun sun kai uku ko huɗu a wuri guda, kada kowa ya taɓa, a kira likitan dabbobi, a tsare kaji a gida. Murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magarya a 2006.