Zuwa awa uku, dawowa awa goma sha biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata za ta tashi daga Landan zuwa New York. Tikitinta ya nuna tashi ƙarfe 11 na safe, sauka 2 na rana. Dawowa kuwa tashi 7 na yamma, sauka 7 na safe. Hanya ɗaya ce, to yaya aka yi zuwa awa uku, dawowa sha biyu? Nawa ne ma nisan?
Daga wata uwa mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, tikitin lafiyarsa lau, agogo ne ya rikita ki. Lokacin tashi da agogon garin da aka baro ake rubuta shi, na sauka kuma da agogon garin da aka isa. Landan tana gaban New York da awa biyar a mafi yawan shekara. Ƙarfe 2 na ranar nan, a Landan 7 na yamma ne, awa takwas ke nan. A dawowa ki cire biyar daga sha biyu, saura bakwai. Ni kaina, ranar da na fara riƙe irin wannan tikiti sai da na ɗauko biro na lissafa har sau biyu.

Nisan kuwa, daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa na JFK a New York kusan kilomita 5,550 ne, jirgin fasinja kuma yana cin wajen kilomita 900 a awa idan ya daidaita a sama. Wannan lissafin awa shida da 'yan mintuna zai ba ki. Sai dai lokacin da ke kan tikiti ya haɗa har da gangarawa zuwa titin tashi, da jiran layi, da rage gudu kafin sauka.

Saura awa ɗayan da ta bambanta zuwa da dawowa, kuma nan ne abin ya fi burge ni. A can sama, daidai tsayin da jirage ke bi, akwai wani kogin iska mai kwarara daga yamma zuwa gabas, wanda a lokacin sanyi gudunsa kan haura kilomita 300 a awa. Mai zuwa Amurka gaba da gaba yake yi da shi, dole matuƙi ya kauce masa ko ya jure. Mai dawowa Ingila kuwa nemansa yake yi ya hau, iskar ta yi ta ingiza shi. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgi ƙirar Boeing 747 na kamfanin British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Jirgin fasinja ƙirar Concorde ya taɓa yi a ƙasa da awa uku a 1996, amma shi ya fi sauti gudu, kuma tun 2003 aka ajiye shi.

Idan kiranta za ki jira, Hajiya, ki ƙirga awa takwas daga tashin jirgi, ki ƙara mata kamar awa ɗaya ko biyu na layin duba fasfo da ɗaukar kaya, kafin ki fara zargin wayarta.