Amsa: Wane gari zan je a Japan don abinci da tarihi?

Ɗan'uwa, ka tambayi garin da za ka je bayan Tokyo don ka ci abincin gargajiya, ka kuma ga tarihi. Ni dai Nagasaki zan ce maka, a tsibirin Kiyushu. A zamanin da Japan ta rufe ƙofarta ga baƙi na sama da shekara 200, ta nan kaɗai Turawa ke shigo da kaya. Daga 1641 aka killace 'yan kasuwar Holan a ɗan tsibirin Dejima, kuma yanzu an sake gina gidajensu da ɗakunan ajiya, ana shiga ana gani. A lokacin sukari ta nan yake shigowa, shi ya sa garin ya shahara da kek ɗin kasutera, wanda mutanen Fotugal suka kawo tun ƙarni na 16. Ka nemi mai ƙwayoyin sukari a ƙasansa, suna ƙaras-ƙaras a haƙori.

Amma ka kula da champon, taliyar nan mai kabeji da kayan teku da kowa zai ce ka ɗanɗana: da ƙashin alade ake dafa romonta. Ko kifi ne, ka tambaya ko an zuba mirin, giyar shinkafa ce. Ni takarda na riƙe da aka rubuta mini da Japananci, ina nuna wa mai abinci kafin in zauna.