Tambaya da Amsa: Fankar akwatin wutar kwamfuta tana gurnani

Tambaya: Assalamu alaikum. Fankar da ke cikin akwatin wutar kwamfutata ta tebur, wato PSU, ta fara gurnani, wani lokaci ma sai na ɗan bubbuga akwatin take juyawa. Zan iya sauya ta da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ana sauyawa, amma malam, kafin ka ɗauki sukudireba ka sani cewa zare filogi ba ya kashe wutar da ke ciki. Akwai babbar kafasita, wato ma'ajiyar wuta, da ke riƙe volt 300 zuwa 400, kuma takan daɗe ba ta sauke ba. Ka zare filogi, ka danne maɓallin kunna kwamfutar na daƙiƙa goma, ka bar akwatin ya kwana. Bayan ka buɗe, ka ɗauka da sauran wuta a ciki: kada ka taɓa ƙasan allon da aka jera kayan wutar a kai, ko ƙarafan da ke shanye zafi, don a wasu akwatunan su ma suna ɗauke da wuta. Masu haɗa ƙafafun kafasita da bakin sukudireba ganganci suke yi, tartsatsin na iya ƙona allon. In kuma da sauran garanti, kada ma ka buɗe, yage tambarin kan sa kamfani ya ƙi karɓa.

Amsar rabin tambayarka tana rubuce a bayan tsohuwar fankar. Yawanci faɗinta milimita 120 ne ko 140, kauri 25, volt 12. Tsofaffin akwatuna 80 suke ɗauka. Duba amfiyarta, wato yawan wutar da take ja, ka sayi mai kusan daidai da ita.

A nan mutane suka fi faɗawa rami. Sai su sayo fanka marar ƙara, mai juyawa a hankali. Shi kuwa akwatin wuta rage mata volt yake yi idan babu zafi, sai ka ga sabuwar ta kasa tashi sam, ko tana juyawa ba iska. Ba za ka gane ba sai kwamfuta ta fara mutuwa da kanta saboda zafi. A ganinmu gara mai ɗan ƙara da ke turo iska sosai.

Wayoyi biyu ne galibi, ja da baƙa. Kada ka dogara da cewa kan wayar ya shiga, kamfanoni kan juya su. Ja ta tafi inda tsohuwar ja take. In kan bai dace ba, yanke na tsohuwar ka haɗa da dalma, ka rufe kowace da robar nan mai tsukewa da zafi, ba salatef ba. Mai faɗin 120 ko 140 ciki take hura iska, don haka gefen da ke da takarda ne zai kalli allon. In akwai 'yar roba da ta rufe wani ɓangaren tsohuwar, mayar da ita, ita ke karkata iska zuwa inda ake so. Ɗaure wayoyi nesa da fukafukai, rufe akwatin, sannan ka jona wuta.

Wasu akwatunan zamani ba sa juya fanka sai aiki ya yi nauyi, wannan ba lalacewa ba ce. Amma in ka ga kafasita ta kumbura ko ka ji ƙauri, bar batun fanka, sabon akwati za ka saya.