Amsoshin Tambayoyinku: Kurdawa, Haƙƙinsu da Siyasar Manyan Ƙasashe

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙu huɗu da masu karatu suka aiko mana daga sassan Legas, domin dukkansu a kan al'ummar Kurdawa suke magana.

Tambaya ta farko ta fito daga wani Alhaji mai sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12: "Malam, kullum muna jin sunan Kurdawa a rediyo, yau a Turkiyya, gobe a Iraƙi, jibi a Siriya. Su wane ne, Musulmi ne, kuma me ya hana su samun ƙasar kansu?"

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kurdawa al'umma ce mai harshenta da al'adunta, ba Larabawa ba ne, ba kuma Turkawa ba ne, harshensu ya fi kusa da Farisanci. Ana ƙiyasta yawansu tsakanin mutum miliyan 30 zuwa 40, suna zaune a yankin tsaunuka inda iyakokin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya suka haɗu, kuma kusan rabinsu a Turkiyya suke. Akasarinsu Musulmi ne 'yan Sunna masu bin mazhabar Shafi'iyya, ko da yake akwai 'yan Shi'a da Alawiyyawa da Yazidawa a cikinsu. Salahuddin Al-Ayyubi, wanda ya karɓo birnin Ƙudus a shekarar 1187, Bakurde ne.

Rashin ƙasarsu kuwa ya samo asali ne daga rabon gadon Daular Usmaniyya ta Turkiyya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yarjejeniyar Sevres ta 1920 ta tanadi cin gashin kai ga Kurdawa, har ta buɗe ƙofar samun 'yanci nan gaba, amma ba a taɓa aiwatar da ita ba, domin jagoran Turkawa Mustafa Kamal Ataturk ya yi nasara a fagen daga, ya tilasta wa Turawa komawa teburin shawara. Da aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar Lausanne a 1923, ko sunan Kurdawa ba a ambata ba. Ingila ta haɗa lardin Mosil, inda Kurdawa suke da yawa kuma ake hasashen man fetur, da Iraƙin da take iko da ita, Faransa kuma ta riƙe Siriya. Bahaushen da yake da dangi a Katsina da Maraɗi ya san yadda layin da baƙo ya shata yake raba gida ɗaya, sai dai mu a kowane ɓangare muna da cikakkiyar murya, su kuwa sun wayi gari tsiraru a ƙasashe huɗu da kowaccensu ke kallonsu a matsayin barazana. Sun taɓa ɗanɗana ƙasar kansu, wato Jamhuriyar Mahabad a Iran a 1946, wadda ba ta cika shekara guda ba: Tarayyar Sobiyet da ke mara mata baya ta janye sojojinta, sojojin Iran suka shiga, aka rataye shugabanta Ƙazi Muhammad a 1947.

Tambaya ta biyu daga wani direban tanka da ke lodi a Apapa: "An ce Kurdawa ne suka taya Amurka yaƙi da ISIS. To me ya sa ba ta saka musu da alheri ba?"

Ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Gaskiya ne sun yi wannan yaƙi, kuma sun zubar da jini mai yawa a cikinsa. Su ne suka riƙe garin Kobani na arewacin Siriya daga ƙarshen 2014 zuwa Janairun 2015, jiragen Amurka na taimaka musu ta sama, sannan rundunar SDF da suke jagoranta ta ƙwace birnin Raƙƙa daga hannun ISIS a 2017, ta kuma murƙushe tungar ƙarshe ta ƙungiyar a Baghuz a watan Maris na 2019. Watanni bakwai bayan haka Shugaba Donald Trump ya janye sojojinsa daga bakin iyaka, Turkiyya ta kutsa da dakarunta.

Wanda ya san tarihinsu bai yi mamaki ba, domin ba wannan ne karo na farko ba. A farkon shekarun 1970 Amurka da Sarkin Iran sun ba jagoran Kurdawan Iraƙi Mulla Mustafa Barzani kuɗi da makamai don ya hana gwamnatin Bagadaza sakat. A watan Maris na 1975 Sarkin ya sasanta da Saddam Husaini a birnin Aljas a kan mashigin ruwan Shaɗɗul Arab, aka yanke tallafin nan take, tawayen ya ruguje cikin makonni. A 1988, lokacin da manyan ƙasashe suke goyon bayan Iraƙi a yaƙinta da Iran, gwamnatin Saddam ta ƙaddamar da farmakin Anfal a ƙarƙashin Ali Hasan Al-Majid, inda aka rusa dubban ƙauyuka. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta waɗanda aka kashe tsakanin 50,000 zuwa 100,000, Kurdawa kuma suna cewa 182,000 ne. A ranar 16 ga Maris na wannan shekara jiragen Iraƙi suka yi wa garin Halabja ruwan iskar guba, mutum kimanin 5,000 suka mutu. Waɗanda suka tsira sun ce da farko ƙamshi suka ji kamar na tuffa, hotunan da 'yan jarida suka ɗauka kuma sun nuna iyaye kwance a bakin ƙofofinsu rungume da jarirai. Ƙudurin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar bayan haka ya la'anci amfani da makamai masu guba ba tare da ya ɗora wa Iraƙi laifin kai tsaye ba, kuma a ganina wannan shirun abin kunya ne da har yau duniya ba ta wanke kanta daga gare shi ba.

A 1991 ma Shugaba George Bush babba ya yi kira ga 'yan Iraƙi su tashi wa Saddam, da suka tashi sai aka bar su da jiragen Saddam masu saukar ungulu, mutum fiye da miliyan guda suka gudu zuwa tsaunukan iyakar Iran da Turkiyya cikin sanyi. Sai da hotunan wahalarsu suka cika talabijin sannan Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 688, aka kuma hana jiragen Iraƙi shawagi a arewa, wanda hakan ne ya ba su damar yin zaɓen majalisarsu a 1992. Daga irin wannan ɗacin ne suka samo karin maganarsu mai cewa ba su da aboki sai tsaunuka.

Dalilin da ya sa Amurka ta bar su ga Turkiyya a fili yake. Turkiyya tana cikin ƙungiyar tsaro ta NATO tun 1952, ita ke riƙe da mashigin da ke kaiwa Baharul Aswad, kuma sansanin jirage na Incirlik a ƙasarta yake. Duk ranar da aka auna ta da al'ummar da ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, an san ɓangaren da zai rinjaya. Ko shigar Suwidin cikin NATO sai da Turkiyya ta jinkirta ta har zuwa Janairun 2024, bisa zargin tana ba mayaƙan Kurdawa mafaka. Dole a faɗa kuma cewa shugabannin Kurdawa suna da nasu kason laifi: jam'iyyar KDP ta gidan Barzani da PUK ta Jalal Talabani sun gwabza yaƙi a tsakaninsu a arewacin Iraƙi daga 1994 zuwa 1998, har a 1996 KDP ta gayyato tankokin Saddam su taya ta ƙwace Arbil.

Tambaya ta uku daga wata Hajiya malamar makaranta a Idi-Araba: "Na karanta cewa PKK ƙungiyar 'yan ta'adda ce. Idan haka ne, ashe Turkiyya ba ta da gaskiya a matakan da take ɗauka?"

Hajiya, Allah ya saka da alheri, tambayarki ta taɓo inda mutane suka fi ruɗewa. Abdullahi Ocalan ne ya kafa PKK, ƙungiyar 'yan tawayen Kurdawan Turkiyya, a 1978, ta ɗauki makami a 1984, kuma rikicin ya ci rayuka fiye da 40,000. Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai duk sun saka ta a jerin ƙungiyoyin ta'addanci, kuma ba za mu wanke ta ba, domin ta kashe malaman makaranta da fararen hula, ta tayar da bama-bamai a birane. Kowace gwamnati tana da hurumin kare jama'arta daga irin wannan. An kama Ocalan a Nairobi a watan Fabrairun 1999, yana tsare a tsibirin Imrali tun lokacin.

Inda muke da ja shi ne mayar da kowane Bakurde mai neman haƙƙinsa ɗan ta'adda. An daɗe ana musun cewa akwai Kurdawa a Turkiyya tun kafin PKK ta ɗauki makami: an murƙushe tawayen Shehu Sa'id a 1925, an yi kisan gilla a Dersim a 1937 da 1938, hukuma ta riƙa kiransu Turkawan tsauni, dokar 1983 kuma ta haramta wallafa komai da harshensu har zuwa 1991. A wannan shekarar ce Laila Zana ta zama Bakurdiya ta farko a majalisar dokoki. Ta yi rantsuwar kama aiki da Turkanci kamar kowa, ɗaure da ƙyalle mai launin ja da kore da rawaya a kanta, sannan ta ƙara jimla guda da Kurdanci a kan 'yan'uwantakar Turkawa da Kurdawa, majalisa ta hautsine da ihu da bubbuga tebura. A 1994 aka yanke mata ɗaurin shekara 15, ta yi goma a gidan yari. Haka Salahuddin Demirtas, wanda jam'iyyarsa ta HDP ta samu kashi 13 cikin ɗari na ƙuri'u a Yunin 2015, an kama shi a Nuwamban 2016, Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yi umarnin a sake shi a Disamban 2020, amma a 2024 sai aka yanke masa ɗaurin shekara 42. An kuma sha tsige zaɓaɓɓun shugabannin birane a yankin Kurdawa ana naɗa kantomomi a madadinsu. Gwamnatin da ke cewa a ajiye bindiga a zo akwatin zaɓe, sannan ta ɗaure wanda akwatin ya fitar, ita ce ke ƙarfafa hujjar masu bindiga.

An samu sauyi a 2025. A Fabrairu Ocalan ya yi kira ga ƙungiyar ta ajiye makamai, a Mayu ta sanar da rusa kanta, a Yuli kuma wasu mayaƙanta suka ƙona bindigoginsu a bainar jama'a kusa da Sulaimaniyya. Wannan ya ɗauke babbar hujjar da aka daɗe ana fakewa da ita.

Tambaya ta huɗu daga wani ɗalibin shari'a a Jami'ar Legas da ke Akoka: "Dokar ƙasa da ƙasa ta amince da 'yancin kowace al'umma na zaɓar makomarta. Me ya sa ba a karɓi ƙuri'ar raba-gardamar Kurdawan Iraƙi ba?"

Ɗana, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya ambaci wannan 'yanci a sashe na 1 shi ne kuma ya kare iyakokin ƙasashe a sashe na 2, kuma a aikace an fi fassara 'yancin da fita daga mulkin mallaka. Mu a Afirka mun rungumi wannan fassara tun taron Alƙahira na 1964, da ita kuma Najeriya ta tsaya a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Eritiriya a 1993 da Sudan ta Kudu a 2011 sun samu karɓuwa ne saboda ƙasashen da suka ɓalle daga cikinsu sun amince. Kurdawan Iraƙi ba su samu wannan amincewa ba. A ranar 25 ga Satumban 2017 fiye da kashi 92 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka zaɓi 'yanci, amma Bagadaza da Ankara da Tehran suka haɗa kai, Amurka ta ƙi goyon baya, cikin makonni uku sojojin Iraƙi suka ƙwace Kirkuk da rijiyoyin manta, shugaban yankin Kurdawan Mas'ud Barzani ya sauka daga kujerarsa, kotun ƙolin Iraƙi ta ce ƙuri'ar ta saɓa wa tsarin mulki. Abin da suka samu mai ɗorewa ta kundin tsarin mulkin 2005 ya zo, wanda ya amince da yankinsu da majalisarsu, ya kuma mayar da Kurdanci harshen hukuma tare da Larabci, ko da yake sashe na 140 da ya yi alkawarin ƙuri'a a kan makomar Kirkuk kafin ƙarshen 2007 har yau ba a aiwatar da shi ba.

Ina so ka lura cewa akwai haƙƙoƙin da ba su jira maganar ɓallewa. Sashe na 27 na yarjejeniyar 1966 a kan haƙƙin farar hula da na siyasa ya ba tsiraru damar amfani da harshensu da raya al'adunsu, amma Turkiyya da ta amince da yarjejeniyar a 2003 ta gindaya sharaɗi a kan wannan sashe, ta ɗaure shi da Lausanne, wadda tsirarun da ba Musulmi ba kaɗai ta sani. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Turkiyya ya hana koyar da yara kowane harshe ban da Turkanci a matsayin harshen uwa, don haka Kurdanci darasin zaɓi ne kawai tun 2012. A Siriya abin ya fi muni. A rana guda cikin Oktoban 1962 aka yi ƙidaya a lardin Hasaka, aka ce kowa ya kawo shaidar zamansa a ƙasar tun kafin 1945, mutum kimanin 120,000 suka rasa takardar ɗan ƙasa. Manomin da ya tafi gona ranar, ko wanda bai ajiye rasitin haraji ba, ya wayi gari baƙo a garinsu: ba zaɓe, ba fasfo, ba aikin gwamnati, ba mallakar fili, 'ya'yansa kuma suka gaji wannan hali, har adadin ya kai kusan 300,000 kafin Bashar Al-Asad ya fitar da dokar mayar wa wasunsu da takardu a 2011, lokacin da zanga-zanga ta fara girgiza mulkinsa. Bayan faɗuwarsa a Disamban 2024, kwamandan SDF Mazlum Abdi da sabon shugaba Ahmad Al-Shara'a sun sa hannu a ranar 10 ga Maris na 2025 a kan takardar da ta amince cewa Kurdawa ɓangare ne na asali na ƙasar Siriya masu cikakken haƙƙin ɗan ƙasa. Idan kana neman abin bincike a karatunka, bi diddigin ko wannan alkawari ya shiga kundin tsarin mulki na dindindin, da kuma kotun da Bakurden Hasaka zai iya kai ƙara idan aka saɓa shi.