Intanet na tsayawa a ofis: sabuwar rauta ce maganin?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Mabera, Sakkwato, kwamfuta takwas da firinta biyu. Tun da aka saka mana manhajar da ke ƙirga na'urorin da ke kan layi, kullum da safe sai intanet ta tsaya cik, firinta ɗaya kuma ta riƙa fitar da takardu cike da rubutun shirme. An ce rautata, na'urar da ke raba mana intanet, ce ta yi ƙanƙanta. In sayi babba?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Gobe da safe ka zare kebul ɗin kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ka kashe mata Wi-Fi. In aiki ya tafi lafiya, ka kama ɓarawo.

Irin wannan manhaja tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ke nan. Saƙon tambayar da take turawa, wanda ake kira ARP, kowace na'ura sai ta ji shi, kuma a kan Wi-Fi irin saƙon nan da mafi ƙarancin gudu yake tafiya, sai ya tare wa kowa hanya. Adireshi 254 na ƙaramin ofis, wato 192.168.0.1 zuwa 192.168.0.254, ba wani nauyi ba ne. Ɓarnar tana zuwa ne idan mai sakawa ya bar ta tana laluben duk zangon 192.168, adireshi sama da 65,000. Duk adireshin da ba na layinka ba rauta ake jibga wa, ita kuwa tana ajiye lissafin kowane haɗi a ƙwaƙwalwarta. Da ta cika, shi ke nan, ba ta karɓar sabo.

Shirmen firinta daga tasha ta 9100 yake, wato ƙofar da firinta ke karɓar aikin bugawa, wadda manhajar ke ƙwanƙwasawa. Firintoci da yawa duk abin da ya shigo ta nan bugawa suke yi, ba sa tambaya.

Gyaran bai cin ko sisi. Shiga saitin manhajar ka taƙaita binciken ga adireshin ofishinka kaɗai. Ka ba firintocin adireshi na dindindin, ka cire su daga jerin bincike. Mayar da lokacin binciken zuwa hutun sallar Azahar, sau ɗaya a mako ma ya wadatar. A duba anti-bairos da manhajar da ke zuwa da firinta, don su ma wasu na irin wannan lalube. Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke yawo a layi, kyauta ce: rubuta arp a gurbin tacewa, za ka ga wace kwamfuta ce ke cika layi da tambaya.

In an yi duk wannan abin bai daina ba, nemi kebul ɗin da aka soka bakinsa biyu a suwic ɗaya, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗin na'urori, sannan taɓa rautar ka ji zafinta. Yawancin ƙananan rautoci iyakarsu digiri 40, zafin Sakkwato kuwa a Afrilu yana haura haka. Sauko da ita daga kusa da rufin kwano.

In dai sai ka yi sayayya, suwic mai saiti irin TP-Link TL-SG108E, mai baki takwas, ya fi maka amfani. Yana gano kebul da ya zagayo, yana kuma rage ambaliyar saƙonni. Ɗora kwamfutocin tebur a kebul Cat6, ka bar wa wayoyi Wi-Fi.

Tambaya: Hajiya daga Gawon Nama na tambaya ko ta biya kuɗin manhajar bincike ta shekara don ofis mai na'ura goma.

Amsa: A'a, Hajiya. Angry IP Scanner kyauta ce, kuma sai kin danna take aiki. Mai bincike dare da rana ta ma'aikatu masu ɗaruruwan kwamfutoci ce, inda akwai ma'aikacin da ke kula da ita.