Kuɗin Beli a Amurka: Zai Dawo?

TAMBAYA: Malam, an kama ƙanena a Amurka, alƙali ya yanka belin dala 10,000. Na sayar da filina muka ba kamfanin tsayawa beli dala 1,000. An kori ƙarar. Za a maido mana?
Wata baiwar Allah, Jekadafari, Gombe

AMSA: Hajiya, sai haƙuri, wannan dubun ta tafi. Ladan kamfanin ce, galibi kashi 10 cikin 100, tunda shi zai biya kotu in ƙanenki ya gudu. Da kotu kuka zuba wa 10,000 ɗin, ya kuma halarci kowane zama, da an maido muku, ko da an ɗan cire kuɗin kotu. Amma in kun ba kamfanin takardar mota ko gida jingina, ku karɓo abinku yanzu, kada ku yi sanya.